Gaisuwa a Kan Rulo

Malaman tarihi sun sha raba rayuwar ɗan Adam zamani-zamani: zamanin dutse, zamanin ƙarfe, zamanin wayar hannu. Ni ma na koyar da waɗannan rabe-raben da bakina a ranakun da malamin tarihi bai zo makaranta ba, kuma ban taɓa yarda da ko ɗaya ba. Rayuwar mutum kashi biyu ce tak. Akwai lokacin da yake dafe da bango, akwai lokacin da ya sake shi. Sauran abubuwa, daulolin da suka tashi da waɗanda suka kife, duk ƙarin bayani ne a gefen shafi.

A lungun gidanmu da ke Zongo na gano haka, a kan rulo.

Ga wanda Allah bai jarrabe shi da sanin rulo ba, ga kamanninsa. Gangunan ƙarfe ne guda uku, kowace kamar taɓarya mai kauri, an kwantar da su a cikin firam a ƙasa. Biyu suna baya kusa da juna, tayar baya ta keke tana zama a tsakaninsu. Ɗaya tana gaba, tayar gaba tana hawa kanta. Akwai bel da ya haɗa su, in ka taka feda duk su juya tare. Shi ke nan. Babu ƙugiya, babu ƙafa, babu abin da ke riƙe keken. Tuƙi za ka yi kamar kana kan titi, sai dai titin nan faɗinsa bai wuce kamu biyu ba, santsinsa kuwa na miyar kuɓewa.

Abokina ne ya ba ni, malamin lissafi a makarantar da nake koyar da Faransanci, mazaunin unguwar Agbalépédo. Da shi da wasu muke hawan keke ran Lahadi da safe a hanyar bakin teku, kuma ni ne na ƙarshe kullum. Sukan jira ni a wurin mai kwakwa. Kafin in iso sun sha ruwan, sun kankare naman, sun gama hira a kaina, ina sauke ƙafa su kuma suna ɗora tasu. Da damina abin ya fi muni. Ruwa yana kwanciya a layukanmu, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, suna watsa wa mutum taɓo ba tare da sun waiwaya ba, sai in yi daga Lahadi zuwa Lahadi ban taɓa keken ba. Abokina ya sayi wani sabon inji mai riƙe keke gam, sai ya ce in ɗauki tsohon rulonsa in riƙa motsa ƙafa a gida, ko ma huta da jira.

Ya yi mini wasiyya uku yana ɗaure abin a bayan zemijan. In ajiye shi kusa da bango. In taka feda da sauri, in manta an taɓa ƙirƙiro birki. Ta ukun kuwa sai da ya kama kafaɗata.

"Kada ka kalli tayarka. Can gaba za ka kalla. Inda idonka ya je, mon cher, nan keken zai je."

Na ce masa wannan ai wasan yara ne. Ni da nake riƙe aji cike da samari masu tashen balaga da ido kawai.

Neman wurin ajiya ya fi ɗauko shi wuya. Ɗakinmu cike yake da gado da littattafai da keken ɗinkin matata, ita kuwa ta ce keke ɗaya ya ishi ɗaki, kuma nata ya riga zuwa. Tsakar gida ba rufi, ga ruwan sama. Ya rage lungun da ya haɗa zaure da tsakar gida: dogo, da rufin kwano, da bango mai kyau a dama, da ɗan fili a hagu wanda mutum zai iya raɓawa ya wuce in ya karkata. Aibinsa ɗaya ne. Gidan kakanmu ne, gidan gandu, duk mai shiga da mai fita ta nan yake bi.

Sai da na nemi izini wurin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ita ce babba a gidan. Ta yi shekaru tana sayar da atamfa a babbar kasuwa har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Mai-sunan-Baba take ce mini. Ko faɗa za ta yi mini sai ta yi shi cikin girmamawa, wanda ya fi kowane irin faɗa zafi. Ta saurari bayanina har ƙarshe, ta tambaya ko abin yana cin wutar lantarki. Na ce a'a. Ta ce to.

Hawan farko bayan la'asar ne. Na ba tayoyi iska, na ɗora keken, na dafa bango da hannun dama, na haye. Ban ma fara takawa ba tayar gaba ta shiga mutsu-mutsu kamar tarwaɗa a kwando. Na taka. Gangunan suka ɗauki kuka irin na injin niƙa daga nesa, kwanon rufi ya amsa, kaji suka bar lungun. Ina ƙara sauri sai na ji keken yana nutsuwa a ƙarƙashina, kamar dabbar da ta gane mai ita. Wani farin ciki marar dalili ya taso mini tun daga ciki. Na ji ni ɗan shekara bakwai. Na ɗaga hannu daga bango.

Abin da na fi tsoro shi ne in zame, keken ya harba ni tsakar gida in faɗa cikin tukunyar wani. Ashe ba haka ake faɗuwa ba. Tayar tana sauka daga ganga komai ya tsaya cak, duniya ta yi shiru, sai ka kife gefe a hankali kamar buhun masara da aka jingina ba daidai ba. Kana da lokacin da za ka yi tunani a hanya. Har kana da lokacin da za ka ga wanda ke kallonka.

Na tashi ina dariya. Na sake hawa, na sake kifewa, na sake dariya. Matata ta leƙo ta ce in da maye ake sayarwa a haka da an kama abokina.

Cikin 'yan kwanaki na fara kama bakin zaren. Na gane cewa riƙe kan keke da ƙarfi shi ke sa shi fushi, sai ka sassauta hannu kamar kana riƙe da ƙwai. Na gane cewa tafiya a hankali, wadda hankali ke cewa ita ce lafiya, ita ce hanyar ƙasa. Na ɗauko alli daga aljihun rigar makaranta na zana da'ira a bangon da ke can ƙarshen lungu, na kafa mata ido. Na fara sakin bango na numfashi ɗaya, na biyu, har na kai ina iya karanta Fatiha ban dafa ba. A makaranta ina cikin gyara wa yara jimla sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai.

A nan ne ainihin abokin gabana ya bayyana, kuma abokina na Agbalépédo bai ambace shi a wasiyyarsa ba.

A gidan nan aka haife ni, a nan aka yi mini tarbiyya. In babba ya gaishe ni, ba na shawara da wuyana. Shi da kansa yake sunkuyawa, ido ya yi ƙasa, kafaɗa ta rusuna, hannun dama ya nemi ƙirji. An dasa mini wannan tun kafin in san harafi, kuma duk takardun da na tara ba su tumɓuke shi ba. To a kan rulo, abin da ke ƙarƙashin idon mai sunkuyawa shi ne tayar gaba.

Kawu ne ya fara. Ya fito zai tafi masallaci, ya raɓa ta hagu, ya ce, "Sannu da aiki, Malam." Na ce yawwa Kawu, daga ƙasa. Ya tsaya ya yi mini sannu da faɗuwa, na amsa. Ya tambayi gajiya, na ce babu. Ya tambayi ruwa, na ce ya yi gyara, keken yana kwance a kaina tayar baya tana ci gaba da juyawa. Sai da muka kai ƙarshen gaisuwar sannan ya taimaka ya ɗaga shi, don komai da tsarinsa.

Daga ranar na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk zamana a gidan: yawan manyan da muke da su. Ban san muna da tsofaffi haka ba. Matan kawunnai, baƙin Gwaggo, malamin da ke zuwa karatu, masu kawo goron gayyata. Sa'annan labari ya fita layi cewa in ka gaida Malam yana faɗuwa. Mutanen da rabonsu da gidanmu tun rasuwar kaka suka tuna da zumunci. Wani tsohon mahauci da ke bayan masallaci ya mai da abin wazifa. Yakan zo da yamma, ya tsaya a zaure ya jira sai ya ji kukan gangunan ya daidaita, sannan ya sako kai ya yi sallama da murya mai daɗi. In na kife sai ya ce ashe ya zo ba a kan lokaci ba, Allah ya ba da haƙuri, gobe ma zai leƙo.

Sau ɗaya na gwada ƙin amsawa. Kawu ya yi sannu, na cije haƙori, na manne wa da'irar alli. Ban taɓa daɗewa a sama kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin daɗi kamar ranar ba. Kafin magariba magana ta zaga cewa boko ya gama cinye ɗan gidan nan, ya zama Bature, yanzu sai ka yi alƙawari da shi kafin ya amsa maka gaisuwa. Da goro na je na wanke kaina.

Na kira abokina na kai ƙara. Ya ce abu mai sauƙi, in gaya musu kada su yi mini magana in ina kan keke. Na ce ya zo da kansa ya gaya wa Gwaggo. Ya yi dariya har da tari, ya ce su ma gaisuwarsu doguwa ce, amma shi gidansa da ƙofar ƙarfe da kwaɗo.

Abin ya zo wuya ranar da surukan ƙanena suka zo duba matarsa, wadda cikinta ya tsufa. Dattawan mata ne, sun sha ado, suka shigo lungu a jere. Ta gaba ta yi sallama. Na zube a gabansu da gajeren wandon 'yan keke, irin mai kama jiki, wanda ba a ɗinka shi don idon surukai ba. Suka yi mini sannu ɗaya bayan ɗaya, na amsa wa kowace, suka tsallake tayar suka wuce.

Bayan sun tafi Gwaggo ta aika a kira ni. Na sa doguwar riga, na durƙusa a bakin tabarmarta.

"Mai-sunan-Baba, wannan abin naka, hawa ake koyo da shi ko faɗuwa?"

Na ce hawa ne, Gwaggo, faɗuwar hanya ce kawai.

Ta ce ita ba ta hana ni ba tun farko, kuma ba ta son ta zama mai ba da izini da safe ta janye da yamma. Amma haihuwa ta kusa, suna na tafe, lungun nan tukwane za su bi ta cikinsa da baƙi daga Accra har Cotonou, kuma ba za ta yarda a koma ana ba da labarin cewa mai sunan ubanta yana birgima a ƙofar gida ba.

"Ran Juma'a zan zo in gani da idona. In na gaishe ka ka amsa kamar ɗan gidan nan kana zaune a kansa, abinka ya zauna. In ka amsa daga ƙasa, ko ka yi mini irin wadda ka yi wa kawunka, a mayar wa mai shi kayansa."

Na ce na ji, na gode. Na fito. Sai a lokacin na gane yadda na ƙwallafa rai a kan gangunan nan. Ran Lahadin da ta wuce na iso wurin mai kwakwa kafin su gama sha, karo na farko a tarihi, har abokina ya duba tayata ko na sa inji. In rulo ya koma Agbalépédo, ni ma na koma na ƙarshe.

Na shiga shiri kamar mai jarrabawa. Na gwada hawa bayan asuba, ashe lokacin ne tsofaffi suka fi yawa kuma suka fi lafiya. Na gwada amsa gaisuwa da baki kawai ina tsaye a gaban madubi, abin ya yi kyau, amma madubi ba babba ba ne. Matata ta ce za ta taimaka. Takan laɓe a zaure ta kwaikwayi muryar Gwaggo, kuma ta iya har abin tsoro. Duk da na san ita ce, wuyana bai sani ba. Ta ce ita dai ta samu abin da za ta riƙa yi in mun yi faɗa.

Ran Juma'a bayan la'asar gidan ya cika ba tare da an gayyaci kowa ba. Tsohon mahaucin ya zo da wuri ya kama wuri a zaure. Kawu ya fasa fita. Matata ta ɗauko wa Gwaggo kujerarta 'yar tsugunno za ta ajiye kusa da ni, Gwaggo ta ce a'a, ita gwiwoyinta ba su da na biyu, ba za ta zauna inda ƙarfe zai faɗo mata ba. Ta sa aka kai kujerar can ƙarshen lungu, bakin tsakar gida, daidai ƙarƙashin da'irar allina. Ta zauna, ta cire takalma, ta miƙe ƙafafu. Ta sha lalle saboda sunan da ke tafe, tafin ƙafar ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi.

Na yi bisimilla na hau. Na dafa bango, na taka, gangunan suka ɗauka. Na ƙara sauri har kukan ya zama ɗaya. Na sassauta yatsu. Na ɗauke hannu.

Gwaggo ba ta yi gaggawa ba. 'Yar kasuwa ce, ta san amfanin barin mutum ya jira. Ta gyara mayafi, ta kalli rufi, ta kore ƙuda. Gumi ya fara sauko mini ta hanci.

"Mai-sunan-Baba, barka da yamma."

Wuyana ya yi abin da ya saba. Na ji shi yana tafiya, na yi masa bankwana a zuci. Kai ya sunkuya, ido ya tafi neman abin da aka koya masa ya nema tun yana yaro, wato ƙafar babba. Duk waɗanda suka kayar da ni a gefena suke tsayawa, ƙafarsu tana dab da tayata. Ƙafar Gwaggo kuwa tana can gaba, nesa, a tsakiyar hanya sak. Idona ya sauka a kan babban yatsanta mai lalle ya zauna.

Keken bai ko girgiza ba.

Na ce barka kadai, Gwaggo. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan aji ɗaya.

Sai ta tambayi gajiya. Na ce babu gajiya. Ta tambayi ruwa, na ce ya yi gyara. Ta tambayi iyali, alhali iyalin tana tsaye a bayanta ta toshe baki da gefen zane. Na ce lafiya lau. Kaina a sunkuye, ladabi cikakke, ƙafafuna suna juyawa kamar ba nawa ba, dariya tana tasowa daga cikina ina danne ta da haƙori. Ban taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba. Ina gudu iyakar ƙarfina ina kuma durƙushe a gaban gwaggona, duk a lokaci guda.

Da ta ga haka sai ta buɗe gaisuwar gaba ɗaya, irin wadda ake yi wa wanda ya dawo daga Makka. Ta tambayi makaranta. Ta tambayi yaran makaranta, da iyayensu. Ta tambayi abokin nan nawa mai lissafi, da matarsa, da ko sun samu ƙaruwa. Ta tambayi mutanen Agbalépédo baki ɗaya. Na amsa mata su duka, lafiya lau, suna gaishe ki, alhamdu lillahi. Tsohon mahaucin ya jefo sallama daga zaure don ya gwada sa'arsa. Na amsa masa idona na kan yatsan Gwaggo, na ji ya ce wa Kawu abin ya lalace.

A ƙarshe ta jawo takalmanta da ƙafa, ta ce wa matata, "A bar masa abinsa. Ran suna a jingine shi a bango."

Tana tashi na rasa abin kallo, na tuna da birki, na matse shi. Na sauka ta hanyar da na saba. Kawu ya ce ai ga shi nan ya faɗi, Gwaggo ta ce an riga an shafa fatiha, wannan ba ya cikin ciniki.

Ina kwance a ƙasa ina ta dariya har hawaye, ina jin duk wanda ya taɓa ƙetare teku ko ya hau dutse ɗan'uwana ne. Da yamman nan na kira abokina na gaya masa cewa na warware matsalar da Turawan da suka ƙera rulo ba su ma san da ita ba, kuma ya shirya, ran Lahadi shi zai same ni a wurin mai kwakwa. An yi suna lafiya, an sami mace. Rulo ya kwana biyu a jingine ya koma wurinsa, yana nan har yanzu, ba mai taɓa shi.

Har yau ban taɓa amsa gaisuwa ina zaune daidai a kansa ba sai ƙafafun Gwaggo suna gabana. Na gwada ajiye takalmanta a wurin, ba su yi ba. Ita kuma tun bayan suna ta tafi garin Sokodé wurin 'yarta, ba ta ce ga ranar dawowa ba.